Romon Wilf Heslop

Wilf Heslop maƙwabcina ne tun ina amarya. Katanga ɗaya ce ta raba tsakar gidajenmu, ita ma ba ta wuce ƙirjina ba, don haka babu abin da aka taɓa ɗorawa a kicin ɗinsu da hancina bai shaida ba. A wannan layin aka haife shi, a nan arewacin Ingila inda ramukan kwal suka cinye ƙarfin iyayenmu maza. Yana barin makaranta ya bi ubansa cikin rami. Da aka rufe ramin ya koma tuƙa motar raba burodi, har gwiwoyinsa suka gaji, ya dawo gida yana karɓar ɗan fanshon da ba ya kaiwa ƙarshen wata. Amma in ka tambayi kowa a garin nan wane ne Wilf, ba wanda zai ambaci kwal ko burodi. Ce maka za a yi, ai mai lik.

Lik dai dangin albasa ce, ba ta yin kai, sai farin gora da faffaɗan lawashi. Mu mata, sirara muke saye a shago mu zuba a romo. Mazan garinmu kuwa ba don ci suke nomanta ba, don gasa. Kowace kaka ana baje ta a kulob, inda mazan gari ke taruwa su sha su yi hira, kowa ya kawo guda biyu masu kama da juna kamar tagwaye, alƙali ya zo da igiyar awo ya auna kaurinsu, magidanta masu furfura suna tsaye suna haɗiyar yawu. Ta Wilf takan kai kaurin damtsen ƙato. Ranar gasa zai zauna a tsakar gida da tsumma mai laushi da kofin madara, ya goge goran har ya yi sheƙi, ya ɗauko matajin matarsa ya taje saiwoyin. Ban taɓa ganin ya yi wa 'yarsa wanka tana jaririya ba, amma lik na ga ya yi mata fiye da a ƙirga.

Kyautar gasar kayan gida ce. Tukwanen gidansu, da firij, da murhun gas, duk a kulob ya ciyo su. In ya sha kofi biyu sai ya bugi ƙirji ya ce, "Kicin ɗin yarinyar nan kaf lik ɗina ce ta haɗa shi." Har ta tsufa yarinyar nan yake ce wa matarsa Audrey. Ita kuma sai ta ce, "Ta haɗa shi kam. Ku tambaye shi inda ashana take." A yi dariya, shi ma ya yi, don a wurinsa wannan ba abin kunya ba ne. In an gama rabon kyauta akan kwashe lik ɗin duka a shigar da ita kicin ɗin kulob ta baya, mata su yi romo a manyan tukwane, gari ya taru ya sha. Audrey ce ke riƙe da ludayi a wannan kicin, kuma ƙafar namiji ba ta taɓa shiga cikinsa ba.

Bara cikin sanyi Audrey ta faɗi a gindin matakala. Da aka sallamo ta daga asibiti ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta tafi, sai ido da hannun hagu. 'Yarsu ɗaya, Gillian, tana aiki a birnin Leeds da yara uku a wuyanta. Ta zauna 'yan kwanaki ta koma, bayan ubanta ya rantse mata cewa zai iya. Ya kuwa iya da yawa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Yana ɗaga Audrey, yana yi mata wanka, yana taje mata kai da matajin nan dai. Abu ɗaya ne ya gagare shi, kuma shi ne ya ɓoye wa kowa.

Ni hancina ne ya gaya min. Kicin ɗin da ke tashe ni da ƙamshin albasa ya yi shiru, sai ƙaurin burodin da ya ƙone. Da farko yana sayo soyayyen kifi da dankali, Audrey kuwa ba ta iya haɗiye busasshen abu, aljihunsa ma bai jure ba. Ya koma abincin gwangwani. Kuɗin wuta ya hau, ga mara lafiya da ba ta son sanyi, sai ya kashe abin ɗumama rumfar da yake renon lik ɗinsa a lambu, don gida ya samu. Yawancinta ta mutu. Duk da haka in Gillian ta bugo waya da yamma ina jin muryarsa ta taga, "Yau? Romo muka sha da dankali. Ta cinye tas. Kar ki damu, 'yar baba."

Na kai musu kwano sau biyu. Na farko ya karɓa yana kallon gefe. Na biyu ya tare ƙofa ya ce, "Sheila, ba a yi mana mutuwa ba tukuna." Raina ya ɓaci, na ce girman kai rawanin tsiya, na dawo da abina.

Duk ranar Alhamis ina taimakawa a wani coci a garin da ke gaba da mu, inda ake raba kayan abinci ga waɗanda abin ya yi wa wuya. Akwai irinsa a garinmu, kusa da kulob. Shi ya sa da na ɗaga kai na ga Wilf a layi, ya ja hula har gira, na gane ya hau bas ya tsallake nasa garin ne don kada a gan shi. Bai lura da ni ba, ina bayan akwatuna. Aka miƙa masa jaka. Ya koma lungu ya buɗe, ya fara fitar da kaya yana ajiyewa a kan tebur a hankali kamar ɓarawo mai mayar da abin sata. Sha'ir, da karas, da albasa, da garin fulawa, da dankali. Ya bar gwangwani kawai a jakar. Wata yarinya mai taya mu ta ce, "Baba, ai duka naka ne." Ya ce, "A ba masu yara, muna da irinsu a gida." Yana juyowa muka haɗa ido. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi ja haka ba, har kunnuwa. Ni ma kunyar ta kama ni, kamar ni aka kama. Ya fita ba sallama.

Na kwashe abin da ya ajiye na zuba a jakata. Washegari da hantsi na ɗora a kan katanga, na tsaya ina shanya kayan da sun riga sun bushe har ya fito.

"Ka manta kayanka."

"Ba nawa ba ne."

"Wilf, ni da kai ba yau muka fara ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba ka iya dafa su ba ne, ko?"

Ya matso kusa da katanga. Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa don kada Audrey ta ji, "Ko ƙwai ban taɓa dafawa ba. Uwata ta ciyar da ni, ta miƙa ni ga yarinyar nan. Yanzu tana kallona ina buɗe gwangwani, ba ta iya cewa komai. Nas ta ɗora ta a sikeli ta ce tana ramewa. Siket ɗinta da fil nake kama shi. In Gillian ta sani za ta kai ta gidan tsofaffi, ta riga ta nemo wani kusa da ita. Ni kuma na yi wa yarinyar nan alkawari a asibiti, daga gidan nan sai kabari."

"To me ya hana ka tambaya?"

"In tambayi wa? Ke, sarkin yaɗa labari? Kafin la'asar 'yan kulob sun ji."

Na ce masa da don shi ne da na bar shi ya ci gwangwani har ya zama gwangwani, amma Audrey ƙawata ce. Muka yi sharaɗi. Ba zan shiga kicin ɗinsa ba, ba zan gaya wa kowa ba, kuma sai da hantsi lokacin da maza suka tafi lambu. A kan katanga muka yi makarantarmu, shi da tukunya a hannu, ni da bakina.

Na koya wa yara uku girki, ban sha wuya irin ta tsohon nan ba. Fere dankali yake yi kamar yana sassaƙa turmi, rabi ya tafi a ɓawo. Na ce ya zuba sha'ir tafin hannu biyu, ya ga kamar rowa ce, ya juye leda guda, abin ya kumbura ya ɗaga murfi ya sauko a kan murhun da ya ciyo a kulob. Wuta kuwa iri biyu ya sani, a kashe ko a ƙure. Ya miƙo min wata tukunya da ƙanzo ya kama gindinta baƙi ƙirin, na ce, "Wannan kwal ɗin daga wane rami ka haƙo shi?" Bai yi dariya ba. Ya karɓi tukunyarsa ya shige, bai sake fitowa ba sai bayan kwana biyu. Daga nan na rage tsiya, don na gane kowace tukunya da ya miƙo min sai da ya haɗiye girman kansa kafin ya miƙo.

A hankali hannunsa ya faɗa. Na tura shi wurin mahauci ya ce a ba shi ƙashin wuyan rago, wanda ba shi da tsada. Ya ce wa mahaucin na kare ne, alhali duk gari an san ba shi da kare. Ya koyi jiƙa sha'ir tun da wuri, da kwashe kumfa in ƙashi ya tafasa, da rage wuta a bar tukunya tana 'yar magana ita kaɗai, da ɗanɗana gishiri kafin a ƙara. Ya gane tukunya ɗaya tana kai su kwana uku in ya ƙara ruwa da dankali. Ya koyi murƙushe wa Audrey nata da bayan cokali.

Abu ɗaya muka yi rigima a kai. Na ce romo ba ya cika sai da lik, ya sayo sirara biyu a shago. Ya kalle ni kamar na zagi ubansa.

"Ni Wilf Heslop in tsaya a layi da lik ɗin shago a hannu? Gara a gan ni tsirara."

"To ciro taka a lambu."

"Biyu kacal suka rage min masu rai, su zan kai gasa. Ba a taɓa yin gasa babu ni ba."

Na ce shi ke nan, albasa ma ta isa. Da albasa muka yi ta yi, lik ba ta taɓa hawa katangar nan ba.

Ana saura mako guda gasa Gillian ta bugo ta ce nas ta kira ta, kuma ranar Lahadi za ta zo ta ci abincin rana da su, ta gani da idonta. Wilf ya zo katanga. Ya ce in zo in zauna da su, in Gillian ta fara faɗa ko na sa baki. Na ce ya yi romon da ya saba, kada ya ƙara komai, kada ya rage komai.

Ranar Lahadi tun daga ƙofa na ji ƙamshin da na rabu da ji tun faɗuwar Audrey. Na leƙa kicin. A kan katako ga lik guda kwance, ƙatuwa, an goge ta tana sheƙi, an taje saiwoyinta. 'Yar'uwarta kuwa babu, sai guntun gindi. Ya ciro su biyun da sassafe, ya yi musu wankan gasa, ya yayyanka ɗaya zobe-zobe ya zuba a tukunya. Ya raɗa min, "Romonta na lik ne, ba na albasa ba. Ina so ta ji irin nata." Da na san abin da ke cikin tukunyar da na yi magana.

Muka zauna. Gillian ta ƙare wa uwarta kallo, ta ga fil ɗin da ke siket, ta ƙare wa kicin kallo. Doguwa ce kamar ubanta, da taurin kai irin nasa. Wilf ya zuba wa kowa, ya ɗaura wa Audrey tawul a wuya, ya sa mata cokali a hannun hagu. Romon ya yi kyau a ido, ban ƙi in ce nawa ne ba.

Cokalin farko na ji garas a haƙorina. Yashi ne, ba kaɗan ba. Duk macen da ta taɓa riƙe wuƙa ta san lik ƙasa take ɓoyewa tsakanin ganyenta, sai an tsaga ta a tsaye an buɗe ta a ƙarƙashin famfo. Mai gasa kuwa ba ya tsaga lik, wanda ya tsaga ta ya lalata ta. Mutumin da ya fi kowa sanin lik a garin nan bai taɓa ganin cikinta ba.

Gillian ta tauna, ta tsaya, ta ajiye cokali. Wilf ya kai nasa baki, na ga lokacin da ya ji. Ya zauna da romon a baki, ya kasa haɗiyewa, ya kasa tofarwa.

"Baba," in ji Gillian, ba da faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. "Wannan ne romon da kake ce min kuna sha kullum?"

"Ban daɗe da koya ba," ya ce yana kallon kwanonsa. "Da can ƙarya nake miki. Gwangwani nake ba ta."

"Tun sanyi?"

"Tun sanyi."

Na buɗe baki zan ce ta zo ta ɗanɗana na jiya, na albasa, sai muka ji garas, garas, daga ƙarshen tebur. Audrey ce. Ta sunkuyar da kai tana kai cokali baki da hannun hagu, rabi yana zuba a tawul, tana taunawa da ɓarin bakin da ke aiki, yashin yana ƙara a haƙoranta kowa yana ji. Matar da ta taɓa juye tukunya guda a kwata a kicin ɗin kulob saboda wata ta yi ganganci wurin wanki.

"Mama, bari, akwai ƙasa a ciki." Gillian ta miƙa hannu za ta janye kwanon.

Audrey ta dafe kwanon da gwiwar hannu, ta ɗago ta kalli 'yarta, irin kallon da take mata tana ƙarama in ta taɓa abin da ba nata ba. Gillian ta janye hannu. Ba wanda ya motsa har ta kai ƙarshe. Ta kankare gindin kwanon, ta tura shi gaban mijinta, ta ƙwanƙwasa bakinsa da cokali, wato ƙari.

Wilf ya rufe fuska da tafin hannuwansa. "Kar ki yi min haka, yarinyar nan. Don Allah kar ki rufa min asiri da cikinki."

Ta sake ƙwanƙwasawa. Da ta ga bai tashi ba sai ta nuna kicin da cokalin, ta yi ta nunawa tana wani sauti a maƙogwaro, har Gillian ta gane ta tura keken guragun da uwar take kai zuwa can. Muka bi su. Ta nuna lik ɗin da ta rage, ta nuna wuƙa. Wilf ya ɗauka zai yanka a kwance yadda ya yi ɗazu, ta buge masa hannu. Ta ɗora yatsa a kan goran ta ja layi daga sama har ƙasa. Ya tsaya. Ina jin a ransa wannan ya fi yankawa ciwo. Ya sa wuƙar ya tsaga ta biyu, ta nuna famfo, ya buɗe ganyen ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin ruwa. Baƙar ƙasa ta yi ta fita tana taruwa a farin kwanon wanke-wanke, daga lik ɗin da ya goge da madara.

Ya daɗe yana kallon ƙasar. "Duk shekarun nan," ya ce, "kowace na kai kulob haka cikinta yake? Ke kike wankewa a baya, ni ina gaba ana tafa min?"

Audrey ta ɗaga kafaɗarta mai motsi, ta nuna masa wani ganye da bai wanku ba.

Gillian ta fita tsakar gida ta jingina da katangarmu ta yi kukanta. Da ta dawo ta ce da ubanta, "Ba zan ɗauke ta yanzu ba. Amma duk ranar da nas ta auna ta, ni za ta fara kira, ba kai ba. Kuma ka sake yi min ƙarya ko a kan shayi ne, Baba, da kaina zan zo da mota." Ya ce ya ji. Bai ɗago ido ba har ta tafi.

Ranar gasa wurinsa a kan tebur ya zauna fayau, da sunansa a ɗan kati. 'Yan kulob suka yi ta tambaya ko tsutsa ce, ko wani ne ya shiga lambun ya yi masa ɓarna. Ya ce musu a'a, ci ya yi. Suka yi dariya har da riƙe ciki, wani ya ce to saura ya ɗaura ɗankwali. Kunnuwansa suka yi ja kamar ranar coci, amma bai tafi gida ba. Da aka gama rabon kyauta aka kwashi lik za a kai baya, sai ga shi ya turo keken Audrey har ƙofar kicin ɗinmu. Ya tsaya a bakin ƙofar, hula a hannu, mata sun yi cirko-cirko suna kallonsa.

"Na kawo ta ta duba muku tukunya," ya ce. "Ni kuma in akwai wuri a famfo, na iya wanki."

Na matsa na ba shi wuri. Audrey tana daga bayansa a kekenta, siket ɗinta har yanzu da fil, tana bin hannunsa da ido, duk ganyen da ya tsallake sai ta ƙwanƙwasa hannun keken da cokali ya dawo ya sake.